Daga Alkuki Zuwa Fitilar Gilashi Mai Launi

Duk wanda ya tashi a tsohon gidan ƙasa a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san alkuki, ɗan kogon nan da magini ke bari a jikin bango don a ɗora aci-bal-bal, daga baya kuma fitilar ƙwai. Samansa kullum baƙi ƙirin da hayaƙi. Maginan dā ba su auna da mita, amma sun san mazaunin haske: inda iska ba za ta kashe shi ba, yaro ba zai kai hannu ba, kuma ba zai soki idon wanda ke zaune kan tabarma ba. Yanzu da wasu masu hali ke gyara soraye da zaurukan gado suna maƙala musu fitilun bango na gilashi mai launi, wannan tsohon lissafin ne ya fi ɓace musu.

Launin gilashin gaske ba fenti ba ne, a cikin jikinsa yake. Tun yana narke a wuta ake zuba masa sinadarin ƙarafa: kobalt ya ba da shuɗi, baƙin ƙarfe ya ba da kore, ɗan ƙanƙanin zinariya kuma ya ba da ja. Shi ya sa shuɗin tagogin majami'ar Chartres ta Faransa bai kwanta ba tun ƙarni na 12 da na 13. Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Tsofaffin gidajen San'a a Yaman suna da ƙamariyya, taga mai siffar rabin wata da ake sassaƙa a filasta a cusa mata gutsattsarin gilashi, ga kuma masallacin Nasirul Mulk na Shiraz a Iran, wanda aka gina tsakanin 1876 da 1888, inda hantsi ke shimfiɗa launuka a kan darduma. Ko a nan kusa, Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi, sai dai su munduwa da duwatsun ado suka sa gaba.

Fitilar da ke kasuwa yau kuwa jikar aikin Louis Comfort Tiffany ce, mutumin New York da ya rayu daga 1848 zuwa 1933. A masana'antarsa ana yanka gilashi ƙanana-ƙanana, a naɗe bakin kowane da siririn jan ƙarfe, sannan a like su da narkakkiyar dalma da kuza. Sai bayan shekara kusan ɗari aka gane cewa Clara Driscoll, shugabar matan da ke yankan gilashin, ita ce ta zana da yawa daga fitattun fitilun, har da mai hoton mazari. Wanda ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa ba shi da matsala, don akwai masu zanen murabba'i da dala, kuma a ganina su suka fi zama lafiya da dagi da zayyanar bangonmu.

Idan za ka saya, kada ka ƙwanƙwasa kana jiran ƙarar kofi. Ta gaske ma "ɗuf" take yi kamar roba, saboda kowane yanki a ɗaure yake tam. Ɗaga ta ka ji nauyi, ka ɗora bayan hannu ka ji sanyin gilashi, ka bi layukan dalma da yatsa. Ta jabu sakayau take, layukanta kuma zane ne kawai a kan roba. Sa mai shago ya kunna maka ita. Ƙwai mai fari fat irin na kantin magani kashe ja da ruwan zuma yake yi. Nemi LED mai ɗumin haske, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa, ba 6500K ba. Ba ya cin wuta sosai, ko sola ke gare ka zai ɗauka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kafawa. Turawa kan ɗora irin wannan fitila kimanin mita ɗaya da rabi zuwa 1.7 daga daɓe, don sun auna da mai tsayuwa da mai zama a kujera. Mu kuwa a zaure ƙasa muke zama. Fitilar da gindinta ke buɗe, wadda Bature ba ya ganin cikinta, kai da ka harɗe a kan kilishi ƙwan ne tsirara zai riƙa dukan idonka har a tashi hira. Saboda haka ka nemi mai rufaffen gindi, kuma kafin a huda bango ka zauna inda baƙo ke zama, wani ya riƙe ta a kunne yana ɗagawa yana saukewa. Da dare za a yi gwajin, ba da azahar ba.

Bango ma yana da ta cewa. Mai farar ƙasa yana mayar da kowane launi. Jan bango ko wanda ya sha makuba haɗiye shuɗi yake yi, ruwan zuma da ja ne ke tashi a kansa. Idan soron na da bakan gizo, fitila mai cilla haske sama za ta fito da lanƙwasarsa da layin azara yadda ƙwan tsakiyar rufi ba zai taɓa yi ba. Biyu sun isa ɗaki. Na shiga wani falo mai guda takwas, sai na ɗauka wurin biki na shigo. Kuma haskenta na hira ne, ba na karatu ba, wanda ke bitar Alƙur'ani bayan isha'i ya tanadi wata daban.

Sai nauyi. Bangon tubali ba bulo ba ne. A gidan kakana wani mai gyaran wuta ya ɗaure mana ɗaya da noti biyu da 'yar robar nan da ake cusawa a siminti. Ta yi rani lafiya lau. Da damina ta yi nisa bango ya sha laima, wata asuba sai muka ji tartsatsi, muka tarar da ita a daɓe tare da ɓantaren zayyana mai faɗin tafin hannu. Tsohon maginin unguwa da ya zo ya dubi ramin ya ce, "Ɗana, ƙasa ba ta riƙe ƙarfe, itace take riƙewa." Ya haƙa, ya binne guntun azara, wadda gara ba ta cika ci ba, ya yaɓe, ya ce a bari ya bushe kafin a ɗaura wata a jikinta. Wayar kuma a cikin bututu ya sa aka bi da ita ta kusurwa, ba a sake tsaga ado ba.

Fitila mai buɗaɗɗen sama tana tara ƙurar hunturu da matattun ƙwarin damina, don haka kada a kai ta inda sai da tsani. Busasshen tsumma mai laushi ya ishe ta, ruwan tsami da kaifin sabulu suna cin dalmar, wanda ya goge kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

A gidan namu dai, a ƙarshe fitila ta biyun a cikin alkukin kakana muka zaunar da ita, ba ko noti. Baƙin hayaƙin samansa ma mun hana mai fenti ya taɓa.