Ɗakin Tsoho a Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Turai da Amurka, mutum in ya tsufa har ya kasa yi wa kansa hidima, sau da yawa gidan kula da tsofaffi ake kai shi, hukuma kuma takan turo masu duba gini su ga ƙofofin fita, da ƙararrawar gobara, da ƙarfen dafawa a banɗaki. A ƙasar Hausa irin waɗannan gidaje ƙalilan ne, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano. Ko Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokarta hannu. A Darna Sabon Gari da sauran garuruwan Illela ta Jihar Sakkwato, tsoho yana gaban 'ya'yansa da jikokinsa, kuma haka muka fi so. To amma duba ginin da yake kwana ciki ya zama nauyin iyalan gida ke nan, ba wani jami'in da zai zo.

Abin takaici, ɗakin Baba ko na Inna yakan zama mafi tsufa a gidan, wanda aka fi jinkirta wa gyara. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin damina ta sauka. A kira magini tun da bazara ya hau soro, ya share indararo, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta cinye cikinta. A duba gindin bango, domin nan ruwa ke kwanciya ya jiƙa shi a hankali, sai a watan Agusta, da dare, ya zube. Saurayi yana jin ƙasa ta fara zuba zai yi tsalle waje. Mai shekara tamanin da ciwon gwiwa ba zai iya ba.

Sai dai faɗuwa ta fi rushewar gini yawan ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A gidajenmu, hanyar makewayi ce tarkon. Tsohuwa ta tashi da asuba riƙe da buta, ba haske, ga dokin ƙofa mai tsawo, ga gansakuka inda ruwan wanke-wanke ke bi. Tayil mai sulɓi da ake yayi yanzu ya fi daɓen ƙasa haɗari in ya jiƙe. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari. Idan ƙugu ya karye, sai an kwashi tafiyar fiye da kilomita 80 zuwa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko, bayan nan ga doguwar kwanciya da gyambon da take jawowa. Gyaran kuwa ba tsada: a rage dokin ƙofa, a kafa sanda mai ƙarfi a bangon makewayi don dafawa, a rataya fitilar sola a hanya, a tabbatar dakalin bakin shadda bai tsage ba.

Da hunturu kuma, kaskon garwashi ne abin tsoro. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda janareta ke fitarwa. Mai barci a rufaffen ɗaki yakan shaƙe ta har ya wuce bai farka ba. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareta kuma a ajiye shi nesa da tagarsa.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin na iya galabaitar da tsoho, ga shi ba ya saurin jin ƙishirwa kamar yaro. A buɗe masa taga ta biyu, a yi masa rumfa, a ajiye randa kusa da shimfiɗarsa. Kuma kada a garƙame masa ƙofa ta waje da sunan tsaro, ko da ya fara rikicewa; gara jika ya riƙa kwana tare da shi.