Gida da Makaranta a Gundumar Weik ta Amurka

A ƙasar Amurka, inda ƙa'ida ta ɗaura makarantar yaro da adireshin gidan iyayensa, sau da yawa magidanci ba ya sayen gida sai ya binciki makarantar da unguwar take bi, domin darajar gidan kanta tana hawa ko sauka gwargwadon sunan makarantar.

Gundumar Weik, a jihar Karolina ta Arewa, ta haɗe makarantunta da na birnin Rali a 1976, sa'an nan a 2000 ta ɗauki tsarin rarraba ɗalibai bisa ƙarfin arzikin iyayensu, don kada 'ya'yan talakawa su taru a wuri guda. A 2010 kuwa sabuwar majalisar ilimi ta soke shi, bayan muhawara mai zafi. A nawa ra'ayin niyyar farko adalci ce, amma yawan sauya hukunci ya jefa iyalai cikin rashin tabbas.

Babbar mas'ala ita ce yawan baƙi masu ƙaura zuwa gundumar, wanda ya sa hukuma take sake shata iyakokin makarantu, take kuma rufe rajista a makarantar da ta cika, har ya kasance mutum ya biya kuɗi mai tsoka saboda wata makaranta, alhali motar makaranta za ta kwashi ɗansa zuwa wata mai nisa.

Saboda haka, ya kai mai neman muhalli, wajibi ne ka tambayi ofishin ilimi na gunduma kafin ka sa hannu a takardar ciniki.