Wa Ke Naɗe Furotin?

Kowane furotin da ƙwayar halitta ke ƙerawa yana fitowa ne a miƙe kamar carbi, 'ya'yansa kuwa daga sinadarai iri 20 ne da ake kira amino asid. A haka galibi ba ya tsinana komai, sai ya lanƙwashe ya naɗe, ya ɗauki siffa mai tsawo da faɗi da kauri, kafin ya iya dakon iskar oksijin ko narkar da abinci. To, wa ke naɗe shi? A ganina hujja ta tsaya a kan cewa umarnin naɗin yana cikin jerin 'ya'yan ne. Christian Anfinsen, masani a Amurka, ya ɗauki wani furotin na saniya mai amino asid 124, ya zuba masa yuriya da wani sinadari, ya warware, aikinsa ya tsaya. Da aka janye sinadaran, sai ya koma siffarsa shi kaɗai a cikin kwalba, ya ci gaba da aiki. Wannan ya ba Anfinsen kyautar Nobel a 1972. Babban dalilin naɗin shi ne wasu amino asid ba sa ga maciji da ruwa, sai su cure a tsakiya, masu jituwa da ruwa su tare waje.

Akwai masu ja, kuma jan nasu da nauyi. A 1969 wani masani, Cyrus Levinthal, ya lissafa cewa in furotin zai gwada kowace lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, shekarun duniya kaf ba za su ishe shi ba, alhali ƙananan furotin da yawa kan naɗe kafin daƙiƙa ta cika. Amsar ita ce ba lalube yake yi ba: sassan da ke maƙwabtaka su ke fara murɗewa, kuma duk lanƙwasar da ta ƙara masa kwanciya tana rage hanyoyin da suka saura. Wasu kuma za su ce ai a cikin ƙwayar halitta akwai furotin 'yan rakiya masu taya sabon furotin naɗewa. Haka ne, amma aikinsu shi ne hana shi cakuɗewa da 'yan'uwansa a cikin cunkoso. Ba su ke zaɓa masa siffa ba. Ga kuma ƙarin hujja kan jeri: manhajar AlphaFold, wadda a 2020 ta nuna ana iya hasashen siffa daga jeri, duk da cewa ba ta bayyana matakan da naɗin ke bi.

Cutar sikila, da ta addabi gidaje da dama a ƙasar Hausa, ta isa shaida kan nauyin jeri. Amino asid ɗaya tak, na 6 cikin 146 a wani reshen furotin ɗin jini, aka musanya: mai gudun ruwa ya maye gurbin mai son ruwa a bayan furotin. Naɗin bai rushe ba, amma wurin ya zama mai danƙo. Da oksijin ya ragu sai furotin ɗin su manne da juna, su zama dogayen zaruruwa da ke tanƙware jar ƙwayar jini, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi.