Tamowa a Gindin Rumbu

A shekarar 2004 ruwan sama ya ɗauke da wuri a Nijar, fara kuma ta bi ta kan abin da ya rage a gonaki. Da daminar 2005 ta kankama, sai cibiyoyin jinya suka cika da yara masu tamowa. Inda abin ya fi muni shi ne ya ɗaure wa mutane kai: jihar Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasar. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, akasarinsu daga can. Gero kuwa yana nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Shi ya sa ban yarda a ɗora wa fari laifin duka ba. Fari yana rage amfanin gona, amma bashi da kasuwa ne ke ƙarasa ɓarnar. Ƙaramin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin araha, don ya biya bashi. 'Yan kasuwa su kimshe shi a ɗaki, ko su tsallaka da shi Najeriya. Kafin watan Yuli rumbu ya yi fayau, mutumin nan ya dawo yana auno tiya ɗaya da ninkin kuɗin da ya sayar. Uwa tana ƙwadago a gonar wani tun safe. Yaron da aka yaye ba shiri saboda ƙaramin ciki ya koma kan kunu tsararo, ba nono, ba mai, ba wake. A daidai lokacin ne sauro ke yawa, ruwan sha ke gurɓacewa. Gudawa ta kwana uku ta isa ta kwantar da irin wannan yaro, ƙyanda kuma ba ta yi masa da sauƙi. Idan aka auna damtsensa ya gaza santimita 11.5, ma'aunin ya nuna ja, rayuwarsa tana cikin haɗari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin sananne ne. Tun 1996 aka haɗa Plumpy'Nut a Faransa, daga gyaɗa da garin madara da sukari da mai, kuma a yunwar 2005 aka tabbatar uwa za ta iya jinyar ɗanta da shi a gida, ta riƙa kai shi awo mako-mako. Yau ana yin irinsa a Yamai da Kano. Sai dai kuɗin sayensa yawanci daga waje yake zuwa. Da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare tallafi a 2025, ga 'yan bindiga sun hana noma a yankunan Jibiya da Batsari a Najeriya, MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, yawancinsu don an kawo su a makare. Watannin Yuli da Agusta, da tamowa ta fi tsanani, ba su ma shiga wannan lissafi ba.