Bajimi Guda, Jikoki Rabin Miliyan: Riba da Asarar Zaɓen Irin Shanun Madara

A shekarar 1950, saniyar madara a Amurka tana ba da kimanin kilo 2,400 a shekara. Yau ta haura kilo 10,000. Abinci da magani sun taimaka, amma kaso mai tsoka na ƙarin nan daga zaɓen iri ya fito.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ana auna madarar kowace saniya a rubuta, sannan a duba wane bajimi ne 'ya'yansa mata suka fi cika ƙwarya. Shi za a ɗebi maniyyinsa a daskarar, a ɗura wa dubban shanu. Tun 2009 ma ba a jiran 'ya'yan su girma, gwajin ƙwayoyin gado kan nuna darajar maraƙi tun yana tsotso.

Sai dai gado ba ya zuwa a tace. An haifi wani bajimi irin Holstein mai suna Pawnee Farm Arlinda Chief a 1962. Ya bar 'ya'ya mata kusan 16,000 da jikoki mata wajen 500,000. Daga baya aka gano yana ɗauke da wata tawaya a ɓoye: idan ɗan tayi ya gaje ta ta wajen uwa da uba duka, sai cikin ya zube. Masana sun ƙiyasta ta jawo ɓari kusan rabin miliyan a duniya. Ga shi kuma kusan duk bajiman Holstein na Amurka, ta wajen uba, daga shi suka fito ko daga wani mai suna Elevation.

Haka kuma, da aka sa madara kaɗai a gaba, ɗaukar ciki ya yi ta ja da baya, har sai da aka shigar da shi cikin ma'aunin zaɓe a 2003.

Burazil ta bi wata hanyar. Da ta ga Holstein ba ta jure zafi da kaska, sai ta haɗa ta da Gir, saniya mai tozo daga Indiya, aka samu Girolando, wadda yanzu ita ke ba da mafi yawan madarar ƙasar. Irin wannan barbara ce cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana yi tsakanin Friesian da Bunaji.

Don haka mai shirin kawo baƙon jini cikin garkensa ya fara duba abin da zai iya ciyarwa. Saniya mai yawan madara mai yawan ci ce, kuma kiwon rani ba zai riƙe ta ba. Ya rubuta madarar kowace saniya, da tazarar haihuwarta, da yawan ciwonta. Ya riƙa sauya bajimi, kada uba ya hau 'yarsa. Juriyar Bunaji da Bokoloji da Azawak zaɓen makiyaya ne na ɗaruruwan shekaru, kuma barbarar ganganci ta 'yan shekaru na iya shafe ta.