Wa Ya Faɗa? Yadda Ake Gyara Tarihin Trent Reznor a Wikipedia

A shekarar 1989 wasu matasa suna ɗaukar bidiyon waƙa a birnin Chicago na Amurka. Don su sami hoto daga sama, sai suka ɗaura ƙaramar kyamara a jikin balan-balan masu tashi, suka riƙe da igiya. Mawaƙin na kwance a ƙasa, an bulbula masa garin sitacin masara don ya yi kama da gawa. Ana cikin haka balan-balan suka kuɓuce, iska ta yi awon gaba da kyamarar, ba ta sauka ko'ina ba sai a wata gona a jihar Michigan. Manomin da ya tsince ta ya kai wa 'yan sanda. Da aka wanke fim ɗin aka ga abin da ya yi kama da kisan kai, magana ta kai har gaban hukumar FBI.

Wanda ake zaton an kashe yana nan da ransa har yau. Shi ne Trent Reznor, jagoran ƙungiyar Nine Inch Nails, waƙar kuwa ita ce "Down in It". Labarin ya yi kama da shaci-faɗi, amma Wikipedia ta karɓe shi, domin an buga shi a jaridu, shirin talabijin na Hard Copy ma ya watsa shi a 1991. Akwai kuma wani labari da ɗimbin Amurkawa suka daɗe suna yarda da shi, wai mawaƙi Marilyn Manson, wanda Reznor ya ɗauka a kamfaninsa na Nothing Records, shi ne yaron nan mai tabarau da ya fito a wasan talabijin na The Wonder Years. Wannan ya fi na farko kama hankali, sai dai ƙarya ne. Ɗan wasan sunansa Josh Saviano, Manson kuwa sunansa na yanka Brian Warner. Duk mai son taɓa muƙalar ɗaya daga cikin waɗannan mawaƙa, tambayar da zai fara cin karo da ita ke nan: wa ya faɗa, kuma a ina aka buga?

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, bisa tsarin kowa na iya gyarawa. Kowace muƙala tana da ƙofofi biyu da mai karatu bai cika leƙawa ba. Ta farko ita ce tarihin gyare-gyare, inda kowane canji ke jere da ranarsa da lokacinsa da sunan wanda ya yi shi, a gefe kuma ga lamba, kore idan an ƙara rubutu, ja idan an rage. Ta biyu ita ce shafin tattaunawa, inda editoci ke cacar baki kafin a tsayar da magana. Babu abin da ke ɓacewa da gangan ko da kuskure ba tare da sawu ba, kuma mayar da shafi yadda yake jiya bai wuce dannawa biyu ba.

Ƙashin bayan tarihin Reznor ba shi da rigima. An haife shi ranar 17 ga Mayu, 1965 a New Castle ta jihar Pennsylvania, ya girma a garin Mercer. Ya koma Cleveland, ya sami aiki a wani sitidiyo mai suna Right Track, yana taimakon injiniya yana kuma shara, idan wuri ya yi sarari sai ya naɗi waƙoƙinsa. Daga nan Nine Inch Nails ta samo asali a 1988. Kundin Pretty Hate Machine ya fito a 1989, The Downward Spiral a 1994, The Fragile a 1999. Daga baya ya shiga kiɗan fim tare da Atticus Ross, suka ci Oscar da fim ɗin The Social Network na 2010, suka sake ci da Soul na 2020 tare da Jon Batiste. Duk waɗannan akwai takardunsu birjik.

Rigimar tana cikin ɗan akwatin nan da ke gefen dama na muƙala, a layin da aka rubuta nau'in kiɗa.

Salon da ake danganta Reznor da shi, rok na masana'antu, ya samo suna ne daga Industrial Records, kamfanin da ƙungiyar Throbbing Gristle ta Ingila ta kafa a 1976. Su ba daɗin sauraro ne ya dame su ba: ƙarar inji, kaset da aka yayyanka aka haɗa, ƙugi da ihu, su ne kayan aikinsu. A Berlin, ƙungiyar Einstürzende Neubauten da aka kafa a 1980 tana dukan tarkacen ƙarfe, tana kunna injin huda bango a kan dandamali. Skinny Puppy ta Kanada da Ministry ta Chicago suka shigo da gangar lantarki, Ministry ta ƙara da jita mai nauyi. Abin da Reznor ya yi shi ne ya ɗauki wannan hayaniya ya saka mata amshi da karin da za a iya rerawa, har ta shiga rediyo da MTV. Masu ra'ayin 'yan mazan jiya na wannan salo sun daɗe suna cewa abin da yake yi ya yi laushi, bai cancanci sunan ba. Su kuwa alƙalan Grammy, da suka tashi ba shi lambar yabo kan waƙar "Wish" a 1993, a rukunin metal suka ba shi. Ga kuma Ghosts I–IV na 2008, kiɗa zalla babu murya, wani wurin fiyano ne kawai a hankali.

To, wanne za a rubuta? Wani ya zo ya goge metal, wani ya mayar, na uku ya ƙara nau'i biyar da shi kaɗai ya san su. Editocin Wikipedia ta Turanci har laƙabi suke da shi ga masu wannan ɗabi'a, mayaƙan nau'in kiɗa, mutanen da ba su da aiki sai bin akwatunan mawaƙa suna canja layi ɗaya. Ƙa'idar da ake kashe wutar da ita mai sauƙi ce a faɗa: kunnen edita ba hujja ba ne. Ko ya haddace kowane kundi, sai ya kawo inda wani mai sharhin kiɗa ya rubuta haka a wurin da ake tace rubutu kafin a buga, kamar mujallar Rolling Stone ko Spin. Ana kuma son akwatin ya tsaya kan nau'i kaɗan masu faɗi, a bar dogon bayani ga cikin muƙala. Wanda ya mayar da gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya samun kansa a toshe. Idan ɓarna ta yi yawa, sai mai gudanarwa ya sa wa shafin rabin kulle, yadda sai mai rajistar da ta kai kwana 4 da gyara 10 ne zai iya taɓawa.

Masoya kan ji zafin wannan, kuma suna da 'yar gaskiyarsu. Mutum ya je wasa, ya ga wanda ya buga ganga a daren da idonsa, ya rubuta a muƙala, amma aka goge masa saboda babu madogara. Shafukan da jama'a ke cikawa da kansu, irin su Discogs da IMDb, ba a ɗaukar su a matsayin hujja, duk da sau da yawa bayanansu daidai ne. Dalilin shi ne Wikipedia ba ta da hanyar sanin ko wanda ke bayan allo masani ne ko mai zolaya, abin da za ta iya dubawa kawai shi ne takardar da ya nuna. Hasarar da ake yi ta gaske ce, musamman ga ƙananan ƙungiyoyin wannan salo da tarihinsu ke cikin kaset da 'yan mujallun hannu. Mai rubutu a Wikipedia ta Hausa ya san irin wannan ciwon idan ya tashi rubuta tarihin makaɗin da labarinsa duk a bakin mutane yake.

Akwai kurakuran da ke dawowa kamar zazzaɓi. Da yawa sun ɗauka Johnny Cash ne ya ƙirƙiri "Hurt", alhali Reznor ne ya rubuta ta, ta fito a 1994, Cash ya sake rera ta a 2002, shekara guda kafin rasuwarsa. Sunan ƙungiyar ma an yi ta ƙaga masa ma'anoni, Reznor kuwa ya ce ya zaɓe shi ne don yana da sauƙin taƙaitawa. Sai batun 'yan ƙungiya: shekaru da dama shi kaɗai ne mamba na dindindin, sauran ana ɗaukar su ne don wasan dandamali, sai a 2016 aka sanar da Ross a matsayin cikakken mamba. Amma da aka shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2020, mutum bakwai aka lissafa. Edita mai hankali ba ya zaɓar ɗaya ya binne ɗaya, yakan rubuta duka biyun da ranakunsu.

Inda hannu ya fi buƙatar sanyi shi ne rayuwar mutumin. A watan Mayu na 2005 wani ya rubuta a Wikipedia cewa an taɓa zargin ɗan jarida John Seigenthaler da hannu a kisan John da Robert Kennedy. Seigenthaler tsohon mataimakin Robert Kennedy ne, kuma ƙaryar ta zauna a shafin sama da wata huɗu. Da ya fallasa lamarin a jaridar USA Today, Wikipedia ta Turanci ta hana marasa rajista ƙirƙirar sabbin muƙalu, aka kuma samar da ƙa'ida ta musamman kan tarihin rayayyu. A yau duk maganar da ke iya ɓata sunan mai rai, idan ba ta da madogara mai ƙarfi, cire ta ake yi nan take ba tare da jiran muhawara ba.

Mawaƙan wannan salo kuwa sun fi kowa jawo irin waɗannan maganganu, domin firgita jama'a na cikin sana'arsu. Reznor ya naɗi The Downward Spiral a gida mai lamba 10050 Cielo Drive a Los Angeles, gidan da mabiya Charles Manson suka kashe 'yar fim Sharon Tate a 1969. Wannan gaskiya ce tabbatacciya, ana rubuta ta. Fama da ya yi da giya da ƙwaya, da zuwansa gidan gyaran hali a 2001, shi da bakinsa ya ba da labari a hirarraki, don haka suna da gurbi, amma a taƙaice kuma ba da harshen tsegumi ba. Marilyn Manson kuwa, bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999, 'yan siyasa da kafafen labarai sun ɗora wa kiɗansa laifi. Muƙala za ta ce an zarge shi, ta faɗi waɗanda suka yi zargin, ta kawo martaninsa. Ba za ta yanke hukunci da muryarta ba.

Shi kansa mai tarihin ba shi da iko a kan shafinsa. A 2012 marubuci Philip Roth ya nemi a gyara abin da aka rubuta kan mutumin da ya sa shi rubuta littafin The Human Stain. Aka amsa masa cewa an yarda shi ne ya fi kowa sanin aikinsa, amma ana buƙatar madogara daga waje. Sai ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker, ita kuma ta zama madogarar. Abin dariya ne, amma da hikima a ciki, tun da da an bar ƙofa a buɗe, manajan kowane mawaƙi zai wanke shafin maigidansa tas. Tun 2014 ma dole ne duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ke biyansa.

Jaridun da ake dogaro da su ma sukan yi tuntuɓe. Da mai kiɗan fim Maurice Jarre ya rasu a watan Maris na 2009, wani ɗalibi a Dublin, Shane Fitzgerald, ya ƙirƙiri wata magana ya jingina masa a Wikipedia. Editoci sun cire ta, ya mayar, kuma a ɗan wannan tsakani wasu jaridu, ciki har da The Guardian, suka kwafa cikin ta'aziyyarsu. Da bai tona kansa ba, wani edita zai iya kawo jaridar a matsayin hujjar abin da aka kwafa daga Wikipedia tun farko. Shi ya sa gogaggun editoci ke duba ranar da jarida ta buga abu, su gwada ta da ranar da ya fara bayyana a tarihin shafin.

Sai haƙƙin mallaka. Ba a kwafe baitocin waƙa a zuba a muƙala. Ɗanɗanon sauti da ake sakawa ba ya wuce daƙiƙa 30 ko kashi 10 cikin ɗari na tsawon waƙar, duk wanda ya fi gajarta. Hoton mawaƙi mai rai dole ya zama wanda mai ɗaukarsa ya saki kyauta, abin da ya sa hotunan manyan taurari a Wikipedia sukan zama na wani ɗan kallo da ya ɗaga kyamara a tsakiyar taro. Reznor ya fi yawancin takwarorinsa sakin hannu, domin ya fitar da Ghosts I–IV da The Slip a 2008 ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Duk da haka rumbun Wikimedia Commons ba ya karɓar su, saboda lasisin ya hana amfanin kasuwanci, rumbun kuwa sai abin da kowa zai iya amfani da shi ta kowace hanya.

Daga cikin wannan kundi na Ghosts ne aka yanko sautin "34 Ghosts IV" aka gina kiɗan "Old Town Road" ta Lil Nas X, wadda ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. Sunayen Reznor da Ross suna cikin jerin marubutan waƙar a hukumance. Editoci suna rubuta wannan a sashen ayyukansa tare da madogara, amma wanda ya ce saboda haka zai ƙara kiɗan rap ko na kaboyi a akwatin gefe, za a goge masa, a tura shi shafin tattaunawa ya kawo mai sharhin da ya taɓa kiran Reznor da hakan.