Mu San Maƙwabta: Ƙasar Togo

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun takin Kamfa a Rano ko Kibiya ya ga lambobi uku a jikinsa, kamar 15-15-15. Lambar tsakiya tana nuna yawan wani sinadari da ake kira fosfat. Shi ne ke ƙarfafa saiwar shuka, yana kuma taimakon gyaɗa da wake su yi 'ya'ya. Haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka da Allah ya hore wa wannan dutse ita ce Togo. Kamfanin takin Supa da aka buɗe a Kaduna a 1976 ya yi aiki da dutsen da aka kawo daga can. Ke nan akwai gonaki da yawa a ƙasar Kano da suka ci albarkar Togo, masu su ba su sani ba.

Togo tana yamma da mu. Ƙasa ɗaya ce tsakaninmu da ita, wato Jamhuriyar Benin. A yammacinta akwai Gana, a arewa Burkina Faso, a kudu kuma teku. In ka dube ta a taswira kamar tsinken tsire take, doguwa siririya. Daga arewa zuwa kudu ta fi kilomita 500. Amma bakin tekunta kilomita 56 ne kacal, kusan tafiyar Kano zuwa Rano. Faɗin ƙasar duka bai cika ninki uku na Jihar Kano ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta miliyan 8 ne da 'yan kai. Jihar Kano kuwa tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 9.

Arewacin Togo bai bambanta da ƙasarmu ba. Damina ɗaya ce, akwai hunturu, akwai kuka da kaɗanya da ɗorawa, ana noma gero da dawa da gyaɗa. Bakano ba zai ji baƙunta ba a can. Da ka gangara kudu sai abin ya sake. Damina biyu suke yi a shekara, babba da ƙarama, saboda haka ana iya shuka masara sau biyu. Doya da rogo da kwakwar manja sun wadata. A tsakiya akwai jerin duwatsu. Mafi tsawonsu shi ne Agu, mai mita 986, kuma a gindin waɗannan duwatsu ake noman koko da kofi. Manyan kogunan ƙasar biyu ne, Oti a arewa da Mono a gabas. A kan Mono aka yi madatsar ruwa ta Nangbeto a 1987, irin tamu ta Tiga, amma ita don wutar lantarki aka fi gina ta.

Mutanen ƙasar

Ƙabilun Togo sun kai wajen arba'in. Mafi yawa su ne Ewe da danginsu Mina, a kudu. Su suka fara shiga makarantar boko, su suka riƙe kasuwar Lome, babban birnin ƙasar. Matansu sun yi suna wajen cinikin atamfa. Wasu sun yi arziki har suka sayi Marsandi tun ana ganinta abin mamaki, shi ya sa ake ce musu Nana Benz. A tsakiya akwai Kotokoli, garinsu Sokode, yawancinsu Musulmi ne. A arewa akwai Kabiye da Moba da Cokosi da Fulani makiyaya. Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasar ba. Sauran Kirista ne da masu addinin gargajiya. Da Faransanci ake aikin gwamnati da karatu a makaranta.

Kabiye sun cancanci manomi ya tsaya a kansu. Ƙasarsu, wajen garin Kara, duwatsu ce, ga yawan jama'a. Sai suka riƙa tsince duwatsun gona suna jera su layi-layi a gangare. Layin dutsen yana tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, yana kuma sa ruwan ya tsaya ya shiga. Suna tara kashin dabbobi da shara a rami su ruɓe, su kai gona. Da haka suke noma wuri ɗaya shekara da shekaru bai mutu ba. Mai gona a gindin duwatsun Rano, wanda kwari ke cin gonarsa duk damina, ga dabara wadda ba ta bukatar ko kwabo. Kabiye kuma 'yan kokawa ne. Kowane watan Yuli samarinsu suna yin bikin kokawa da ake kira Ebala.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa, tun ba a sa mata suna Togo ba. Hanyar fataken goro zuwa Gwanja ta ratsa arewacinta. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da jan fata. Madugu yana gaba. Su haye Kwara, su bi ta Bargu, su yada zango a Mango, sannan su wuce Salaga su sayo goro. Tafiyar kan ci watanni. Cikakken sunan garin nan shi ne Sansane Mango, kuma kunnen Bahaushe ya ji kalmar sansani a ciki. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan fatauci. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, maƙwabciyar Rano, da cinikin goron Gwanja ya fara.

Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka koma Kete Karaci, wadda ta shiga hannun Jamusawa masu mulkin Togo. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi limanci a can, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Ajami, ya rasu a 1934. Yau Kete Karaci tana cikin Gana. A manyan garuruwan Togo akwai unguwar baƙi da ake kira Zongo, wato zango, kuma ana jin Hausa a cikinta. Tsohon zangon Lome yana tsakiyar gari ne. A 1977 gwamnati ta rushe shi, ta kwashe mutanen zuwa bayan gari ta arewa.

Mulki

Jamusawa suka fara kama bakin tekun a 1884. A yaƙin 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace ƙasar suka raba. Rabon Ingila ya haɗe da Gana a 1957. Rabon Faransa shi ne Togo ta yau, wadda ta sami mulkin kai ranar 27 ga Afrilu, 1960. Wannan rabo ya tsaga ƙabilar Ewe biyu. Birnin Lome kansa a jikin iyakar Gana yake, mutum na iya takawa da ƙafa ya shiga wata ƙasa.

Shugaba na farko, Sylvanus Olympio, sojoji suka kashe shi a watan Janairu 1963. A 1967 wani soja Bakabiye, Gnassingbe Eyadema, ya karɓi mulki. Bai sauka ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a watan Fabrairu 2005, bayan shekara 38. Shi da Janar Yakubu Gowon ne suka yi ta zagaya ƙasashe har aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. Wannan alheri ne da ba za a manta masa ba. Amma a gida ya yi mulki da ƙarfe, masu adawa da yawa sun sha ɗauri ko gudun hijira.

Da ya rasu, sojoji suka ɗora ɗansa Faure. Shugaba Obasanjo da sauran shugabannin yankin suka ce ba su yarda ba, sai an yi zaɓe. Aka yi zaɓen a watan Afrilu 2005, aka ce Faure ya ci, rikici ya ɓarke, ɗaruruwan mutane suka mutu. A 2017 an yi manyan zanga-zanga, musamman a Sokode da Lome, ana neman a ƙayyade wa'adin shugaba. A 2024 majalisa ta sake tsarin mulki. Yanzu jama'a ba sa zaɓen shugaban ƙasa da hannunsu, 'yan majalisa ke zaɓensa, kuma kujerar ta zama ta girmamawa kawai. Iko ya koma ga Shugaban Majalisar Ministoci, wanda ke fitowa daga jam'iyya mai rinjaye. Jam'iyyar Faure ta ci kujeru 108 cikin 113, shi kuma ya hau sabuwar kujerar a watan Mayu 2025. Ba a sa mata iyakar wa'adi ba. An sake wa tuwo suna ne, amma gida ɗaya ke riƙe da muciya tun 1967.

Abin da ƙasar ke ci

Yawancin mutanen Togo manoma ne masu ƙananan gonaki, da fartanya suke aiki kamar mu. Auduga da koko da kofi da waken soya su ne amfanin gona da ake fitarwa waje. Talauci ya fi tsanani a ƙauyukan arewa.

Fosfat ana haƙarsa a Hahotoe, ba nisa da Lome, tun wajen 1961. Jirgin ƙasa ke kai shi bakin teku a Kpeme, a wanke shi, a loda wa jiragen ruwa. A 1974 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Gwamnati ta karɓe kamfanin daga hannun Turawa, ta ciwo bashi, ta gina manyan otal da masana'antu. Ba a jima ba farashin ya faɗi, bashin ya zauna. Mutumin Nijeriya ya san irin wannan labari a kan man fetur. Wani abin takaici kuma, ɗanyen dutsen ake sayarwa. A waje ake sarrafa shi ya zama taki, manomin Togo ya saye shi da tsada.

Babbar dukiyar ƙasar a yau ita ce tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968 aka kuma faɗaɗa a 2014. Ruwanta yana da zurfi, manyan jiragen da ba sa iya shiga wasu tashoshi suna tsayawa a nan. Ta zama cikin na gaba a Afirka ta Yamma wajen sauke kwantena. Burkina Faso da Nijar da Mali ba su da teku, saboda haka tireloli ke kwasar kayansu daga Lome su bi babban titin da ya tsaga ƙasar har iyakar arewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da iyakarta da Benin ta rufe, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome. Kakanni sun ci arzikin ayarin jakuna, jikoki suna cin na tireloli. Hedkwatar bankin Ecobank ma a Lome take. Wutar lantarki kuwa ba ta isar su, suna sayen wata daga Nijeriya da Gana.

Wannan titi na arewa shi ne yanzu ke cikin haɗari. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga masu tsallakowa daga Burkina Faso suke kai hari a yankin iyaka. A watan Mayu 2022 sun kashe sojoji takwas a gundumar Kpendjal, a watan Yuni gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a yankin arewa.

Matasanmu da ke zuwa Lome neman kuɗi ko sarin kaya yawanci ta Legas suke bi, su haye iyakar Seme, su ratsa Kwatano, su shiga Togo ta bakin teku. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, domin duka ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS. Yana iya zama har kwana 90. Amma dole ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Wanda zai daɗe fiye da haka sai ya nemi takardar zama. Kuɗinsu Sefa ce, irin ta Nijar da Benin, kuma tun 2023 Naira ta yi rauni ƙwarai a gabanta. Mai niyyar sari ya tambayi canji tun yana Kano, kafin ya sayar da buhunan gyaɗarsa ya kama hanya.